Jifa Shida a Unguwar Jamaica

Muna idar da sallar asuba ranar Lahadin da ta wuce muka fita daga unguwarmu ta Tompkinsville, ni da maƙwabcina, wani ɗan zangon Kumasi da ya girme ni da shekara goma. Lodin kaya yake yi a filin jirgi na JFK, kuma abokan aikinsa 'yan Guyana da Bangladesh ne suka cusa masa son kurket, wasan da mutum ɗaya yake jifan ƙwallo wani yana dukansa da sanda. Ni kuwa na yi wasan a sakandare a Zariya, ni ne mai jifan ajinmu, amma rabona da riƙe ƙwallon ya haura shekara ashirin.

Musu ne ya fitar da mu. Akwai wani ɗan Guyana da ake ji da shi a gasar unguwannin Queens, wai babu mai dukan ƙwallo kamarsa. Wata uku maƙwabcina yana turo mini bidiyonsa, ni kuma ina cewa zuzutawa ce kawai. Har na faɗa a gaban mutane a ƙofar masallaci cewa jifa shida ya ishe ni in fitar da shi daga wasa. To sai ga shi saura mutum ɗaya ƙungiyar 'yan filin jirgin ta cika, kuma da ƙungiyar gwanin za su kara. Maƙwabcina bai tambaye ni ba ya ba da sunana.

A tashar St. George muka shiga jirgin ruwa. Kyauta ne, minti ashirin da biyar zuwa Manhattan. 'Yan yawon buɗe ido sun taru gefe guda suna ɗaukar hoto, ma'aikata kuma sun jingina da taga suna gyangyaɗi. Ni na kasa zama. Na hau sama, na sauko, na koma baya ina jujjuya kafaɗa kamar mai korar sauro. Maƙwabcina ya buɗe robar waakye, wato shinkafa da waken mutanen Ghana, ya miƙo mini cokali. Na ce na ƙoshi. Ban ci komai ba.

Daga nan muka kama jirgin ƙasa na J, dala biyu da senti saba'in da biyar. Yana haye gada sai ya bi saman titi, kana leƙen rufin gidajen Brooklyn da shanyar mutane. Tafiyar ta kusa awa guda, kuma a ciki musun ya sake tashi. Na ce a duk bidiyon nan ban ga mai jifan kirki ko ɗaya ba, raunana kawai mutumin yake duka.

"Malam, za mu gani," in ji shi. 

Unguwar Jamaica, inda muka sauka, ta riga ta farka. Ma'aikatan filin jirgi da rigunansu masu ƙyalli suna layin bas, masu zuwa coci sun sha ado, ƙamshin miyar kori yana fitowa daga shagunan roti, wata irin gurasa. Mun sayi doubles, wata 'yar waina mai laushi da ake zuba wa wake da yaji. Ita ce ta shiga cikina, guda ɗaya.

Filin wasan ciyawa ce a gefen wani tafki, an shimfiɗa tabarma a tsakiya, inda ake jifa. Iyalai sun zo da kujeru da kulolin abinci. Da aka nuna mini gwanin sai na ji sanyi a raina. Gajere ne, da ɗan tumbi, furfura ta fara cin gemunsa.

Sai bayan azahar kyaftin ɗinmu ya miƙo mini ƙwallo, lokacin mutumin ya daɗe a fili. Na yi jifa na farko, ya tare ya ajiye a gabansa. Na biyu ma haka. Na waiga na kalli maƙwabcina. Na uku gwanin ya doke shi ya wuce ta hagu har bakin layi. Na huɗu ta dama, tsakanin mutum biyu da ba su ko motsa ba. Na biyar ya ɗaga shi sama da kaina, muka ji faɗuwarsa a tafki, agwagi suka tashi. Da aka kawo wani ƙwallon, na shida ya zame mini, shi kuma ya taɓa shi a hankali ya karɓi maki ɗaya. Wannan tausayin ya fi dukan zafi.

Bayan wasa ya zo da kansa ya ba ni hannu. Ya ce biyun farko yatsuna yake kallo, domin ina nuna inda ƙwallon zai juya tun kafin in sake shi. Ya kama hannuna ya gyara mini riƙon, ya ce in dawo mako mai zuwa.

A jirgin ruwan komawa, rana ta yi sanyi, kafaɗata kuma ta ɗau zafi. Maƙwabcina ya ce, "Ai kai ka ci musu, Malam. Ka ce raunana yake duka."

"Yaya, don Allah kar a kai wannan masallaci."

"An riga an tura bidiyo."

Na isa gida kafin magariba, uwargida ta ɗora mini ƙanƙara a kafaɗa tana danne dariya. Ko mutumin ya kai yadda ake faɗa, har yanzu ban sani ba, sai ranar da na gan shi gaban mai jifa na gaske. Abin da na gano nawa ne. Shekara ashirin ina auna 'yan wasa da wani yaron Zariya da nake zaton har yanzu ni ne shi. Ranar Lahadi na neme shi a fili ban same shi ba, sai wani magidanci mai haki da ake koya wa riƙon ƙwallo.