Shaidar Baffa a Dosiyena

Shekara uku na yi a Amurka ina gyaran tsofaffin kayan fata a wani gidan adana kayan tarihi. Gafakoki ne da alabe da kuben takobi, da yawansu daga Damagaram aka kwaso su tun zamanin kakanninmu, sun bushe sun tsattsage. Bizata ta ɗan lokaci ce, kuma ta kusa ƙarewa. Shugabar sashenmu ta haɗa ni da wata lauya, ta ce akwai katin zama na dindindin da ake ba mutumin da ya yi fice a sana'arsa.

Lauyar ta tambaye ni difloma. Na ce mata aji huɗu na yi a lakol, wato makarantar boko, sauran karatuna a zauren dukanci na yi shi. Ta ce, "To kana ganin ka yi fice?" Na ce mata ƙwarai kuwa. Ban faɗa don alfahari ba, na san abin da hannuna ke iyawa. Ta yi dariya ta ce sai mu haɗa dosiye: hotunan aikina, takardun wuraren da aka baje kolinsa, da wasiƙun masana. Na Turawa sun samu cikin sauƙi. Amma ta ce lallai a samu shaidar wani babba a sana'ar daga gida.

Babban nan mutum ɗaya ne, Baffa, yayan mahaifina, wanda ya koya mini riƙon basilla. Na kira shi a waya, ya ce shi ba ya shaidar abin da bai gani ba. Dole na hau jirgi.

Na same shi a zaurensa a unguwar Birni ta Zinder, ya miƙe ƙafa kan buzu. Bayan gaisuwa na yi masa bayani.

"Wato so suke in ce ka fi kowa?"

"Kusan haka ne, Baffa."

"Ina raye?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ya jawo wata jar fatar akuya da aka rina da karan dafi, ya turo mini. "Shekara uku kana lallaɓar tsummokaran mutane da safar hannu. Yi mini gafaka in gani."

Kwana huɗu na yi a kanta. Ranar farko yatsuna suka yi bororo, don na kwana biyu ban huda sabuwar fata ba. Baffa yana nasa aikin, sai dai in ji idonsa a kaina. Da na gama ya karɓa, bai ko dubi adon gaba ba. Ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da farce tun daga baki har gindi. Ya ja maratayin da ƙarfi. Sannan ya ajiye ta gefensa ya ce in kira maƙwabcinsa, wani tsohon darektan lakol da ya yi ritaya, ya zo da biro da takarda.

Baffa na faɗa da Hausa, darekta na rubutawa da Faransanci. Ya ba da tarihin gidanmu, da yadda ake jimar fata da bagaruwa, da irin ɗinkin da babu mai yinsa sai mutanen Damagaram. Darekta ya ce, "Malam, a sa cewa babu kamarsa a ƙasar nan."

"Kada ka sa. Ban zaga ƙasar ba. Rubuta cewa na koyar da mutane da yawa, amma shi kaɗai ne in ya yi aiki nake yarda a ce daga hannuna ya fito."

Tun ina yaro ban taɓa jin ya yabe ni ba. Na tashi na fita ƙofar gida na ɗan tsaya, sannan na dawo. Ya dangwala yatsa a takardar, muka kai meri, ofishin magajin gari, aka buga hatimi.

Da na koma Amurka, lauyar ta so a ƙara wa wasiƙar gishiri. Na ce a fassara ta yadda take, ko kalma ɗaya kada a taɓa. Bayan wasu watanni hukumar shige da fice ta nemi ƙarin hotuna, muka aika. Ban taɓa shakkar za su ba ni ba, jiran ne kawai ya dame ni. Katin ya iso ta gidan waya wata ranar Talata, ina shirin fita aiki.

Na kira Baffa na gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ke nan ka zama nasu?"

Na ce a'a, yanzu ne ma zan riƙa zuwa gida ba fargabar a hana ni komawa. Haka kuwa ake yi. Duk shekara bayan girbi nakan zo Zinder in yi wata guda, in zaɓi fatu da kaina wurin majema, in zauna a zaure muna aiki tare. Idonsa ya fara rauni, saboda haka shi ke yanka, ni nake ɗinki.