Yatsun Baba Siminti

Baba Siminti ya yi shekara talatin da ɗaya a kamfanin kwaɓa kankare da ke bayan gari, ashirin daga ciki yana shugaban masu kwaɓi. Ba wani ƙato ba ne, amma in ya miƙo maka hannu kuka gaisa sai ka ji kamar ka kama busasshen bulo. Jikokinsa ba sa yarda ya shafa musu kai. Matarsa kuwa ta daɗe da hana shi taɓa mayafinta, wai zare yake ja mata.

A hannun nan aikinsa yake. Yakan damƙi yashi ya matse, ya buɗe tafi ya duba, ya faɗi yawan ruwan da za a rage. Yakan tsoma yatsu cikin kwaɓi ya murza, ya ce a ƙara tsakuwa. Injiniyoyi su ɗebi kwaɓin su kai ɗakin gwaji, su dawo bayan awa guda su maimaita abin da ya faɗa, sai dai su nasu da lambobi yake zuwa.

Yana da shekara hamsin da bakwai kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da jami'a, aka buɗe kwas na koyar da tafiyar da masana'antar kankare. Manaja ya tara shugabannin sassa ya karanta musu sabuwar doka: daga ƙarshen shekara ba mai riƙe sashe sai da takardar wannan kwas. Tsofaffin ma'aikata an yi musu rangwame sau ɗaya tak. Za a ɗauke su ko babu takardar sakandare, in dai sun yi rajista kafin ƙarshen wata mai zuwa.

Baba ya ji daɗi. Ya sayi biro har biyu, ya sa aka goge masa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Matarsa ta ce in ya sake ya faɗi jarrabawa, kada ya sa ran abincin rana.

A ofishin rajista wata mata mai tabarau ta nuna masa wata 'yar na'ura mai gilashi. Duk ɗalibi sai ta ɗauki zanen yatsansa, don da shi ake shiga aji, da shi ake zaman jarrabawa. Baba ya ɗora babban yatsa. Jar fitila ta kama, alamar na'urar ba ta karɓa ba. Ya ɗora manuniya, ja. Suka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramin na hagu da bai taɓa yin wani aikin kirki ba. Matar ta juya tafinsa ta duba ta ƙasan tabarau.

"Baba, ina zanen yatsunka?"

"'Yata, da su na fito daga gida, a iya sanina."

"Babu ko ɗaya. Sumul suke kamar gindin kwano. Wane aiki kake yi?"

"Wanda za ku koya mini."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce siminti ne ya cinye fatar, ta taɓa ganin haka wurin wani birkila. In ya yi mako huɗu bai taɓa siminti ba, yana shafa mai, wataƙila zanen ya tofo. Ranar rufewa kuma ba ita ta sa ta ba.

Matarsa ta karɓi aikin jinya da muhimmanci. Safe da yamma ta lafta masa man shafawa, ta zura masa safar ƙafa a hannu in yana gida. Autarsa da ta kawo ziyara ta tarar da shi zaune a tsakar gida hannu sama, kamar wanda 'yan sanda suka tsayar, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. A wurin aiki yana sanye da safar roba mai kauri, yana zagaya tulin yashi yana kallonsa kamar mai azumi a gaban tukunya. A mako na uku, in aka karkata yatsan wajen haske, ana iya ganin wasu siraran layuka. Matarsa ta kira maƙwabciya ta zo ta gani.

Saura kwana huɗu a rufe rajista aka kwana ana ruwa. Ranar ce kuma za a zuba rufin bene na wani ɗakin shan magani, kankare mota goma sha biyu. Injiniyan da ke kan injin kwaɓi ya yi awo da lambobin jiya, na busasshen yashi. Da kwaɓin farko ya zubo, Baba ya tsaya yana duba shi. Bai kwanta masa ba.

"Injiniya, ruwan nan ya yi yawa."

"Baba, abin da takarda ta ce na zuba. In kana shakka a kai gwaji."

Gwaji awa guda ne, motoci sun yi layi, can wurin ginin kuma leburori na jira a kan katako. Baba ya murza kwaɓin da safa a hannunsa, bai ji komai ba, kamar mai cin abinci da mura. Sai ya zare safar ya ajiye a kan buhu.

Da tsomi ɗaya ne da sauƙi. Amma yashin saman tuli daban, na tsakiya daban, na ƙasa kuwa tsamo-tsamo yake, kowace mota sai an sake awo. Ya matse, ya murza, ya ce a rage, ya ce a ƙara, tun hantsi har la'asar. Kankare ya tafi daidai. Sabuwar fatar nan mai laushi ko azahar ba ta kai ba.

Da ya shiga gida matarsa ta kama hannun ta duba. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa ya fi son ta yi. Ta ɗauko man dai ta shafa.

Ranar ƙarshe jar fitila ta kama sau goma. Mai tabarau ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta sa ya hura wa yatsun iska, suka sake bi. Daga baya ta rubuta wa kwamitin kwas ɗin takarda da hannunta, ta ce za su duba in sun zauna. Kwamitin ya zauna bayan wata uku, ya yi godiya da wasiƙar, ya ce rangwame ya riga ya wuce.

Ba a kore shi ba. A ƙarshen shekara manaja ya kira shi, ya yaba masa sosai, ya miƙa masa takardar sauyin aiki yana kallon tebur. Da yamma Baba ya gaya wa matarsa.

"Sun ce in koma ba bulo ruwa."

"Bulo har ruwa yake sha?"

"Sau biyu a rana, har kwana bakwai."

"To, Malam, ka samu sababbin jikoki," in ji ta, ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya tsaya a bakin ɗakin injin har injiniyan ya iso, wanda aka ba shi sashen. Suka gaisa. Baba ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa masa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya zura makullin ya murɗa, ƙofa ta ƙi.

"Sai ka ɗan ɗaga ta da gwiwa tukuna," Baba ya ce. "Haka take tun zuwana."