Garin kukar Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokan aikina biyu na sashen nazarin tsirrai, za mu Gwaram yankan ganyen kuka. Kuka dangin kuɓewa ce da rama da auduga. Tana da 'yan'uwa a Madagaska, sai dai tamu ta ninka ƙwayoyin gadonta, abin da suke da shi biyu-biyu ita huɗu-huɗu take da shi. Ninkin nan za mu auna.

A Birnin Kudu muka karya da waina, ta yi tsada amma mai wainar ba ta rowar miya. Daga nan hanya sai a hankali, damina ta cinye gefen kwalta, direba na kauce wa rami yana faɗawa wani. Gero kuwa ya yi kyau, tubarkalla.

Abin da ban gaya wa kowa ba, Maruta, ƙauyen da za mu a ƙasar Gwaram, garin mahaifina ne. Ƙanwarsa, Gwaggo, tana can, rabona da ita tun ina makarantar firamare. Na taho hannu biyu ba ko tsaraba, don haka na ƙudura mu yi aikinmu a bayan gari mu juya.

Muka sami wata ƙatuwar kuka a gona. Kuka a nan da mai ita, ba a hawa sai da izini, aka ce a kira mai gonar. Sai ga tsohuwa da sanda, idonta ya yi yana. Wallahi ina ganin tafiyarta na gane Gwaggo ce. Maimakon in durƙusa, sai na gyara murya na shiga yi mata bayanin zumuncin kuka da kuɓewa, ni gwanin dangantaka!

Ta saurara tsaf, ta ce, "Ku yanka, Malam. Ɗan yayana ma aikin ganye yake a Kano. Ko ka san shi?"

Ta faɗi sunana. Abokan aikina suka juyo suna kallona. Bakina ya ce, "Na san shi, Inna."

Ta aika gida aka kawo garin kuka a ƙulle cikin leda. "Ka kai masa. Ubansa a gindin nan yake hutawa in ya gaji da noma. Ka ce ba na fushi, aiki ne ya yi masa yawa."

A dawowa ba wanda ya tsokane ni, da sun tsokane ni ma da ya fi mini sauƙi. Kunya ta hana ni ko sayen rake a Wudil.

Mun iso lafiya, ganye yana ɗakin gwaji. Tafiyar ta nuna mini na san dangin kuka har tsallaken teku, amma na tsaya gaban ƙanwar ubana na kira ta Inna kamar baƙuwa. Matata ta tambayi wa ya ba ni garin, na ce saƙon wani ne. Yana nan a kan tebur, ban kwance ba. Ranar Juma'a zan koma Maruta in gaya mata saƙo ya isa.