Turbon Asumanu da Faifan Kuloci Biyu

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Asumanu makwancinsa a nan Tawa. Sai da na ƙirga sau biyu kafin in yarda, domin har yau idan mota ta wuce ƙofar gidana tana wannan siririn fito na turbo, nakan ɗaga kai ina jiran in ga dogon mutum da hula a karkace ya fito yana goge hannu da tsumma. Asumanu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, bakanike mai gareji a bayan tasha. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗan'uwan bawansa ne, kuma har ya bar duniya ba a raba mana wannan gardama ba. Tsofaffin direbobin Tawa sun san shi da sunan ba'a, Mai Turbo. A kan wannan suna nake son in yi magana yau.

Ni Illa, aikina allurar dabbobi. A shekarun da suka biyo bayan babban fari, zamanin mulkin soja, shanun da suka rage a arewacin Adar sun zama kamar idon mutum, kowace saniya da sunanta da labarin yadda ta tsira. Ni ke kai musu maganin riga-kafi cikin akwatin ƙanƙara, a wata ƙaramar mota da na gada daga wani malamin makaranta da ya bar gari. Sai dai ina da abin da nake ɓoyewa ƙarƙashin babbar riga. Shan-inna ta taɓa ƙafata ta hagu tun ina goye. Tana ɗauka ta, tana taka feda mai laushi, amma ba ta tura mota, ba ta jure bayan raƙumi. A hanyar Tebaram kuwa akwai wani tudun rairayi da motata ba ta taɓa hawa da kanta ba. Tana kai rabi sai ta yi tari ta nutse, in zauna a inuwarta ina jiran Allah ya kawo masu turawa, ƙanƙara tana narkewa a bayana. Sau biyu magani ya lalace a haka. Shugabanmu ya kira ni ya ce in aka yi na uku, zai ba wani hanyar, ni kuma in koma tebur. Ba na son tebur. Ina son daji, da warin garke da safe, da nonon da ake miƙo mini a ƙwarya kafin a tambaye ni abin da ya kawo ni.

Da na kai kuka wurin Asumanu, sai ya zagaya motar ya kara kunne jikin injin. Ya ce, "Bawana, motag ga ba ƙarhi tar rasa ba. Iska tar rasa." Ya shiga ɗakin ajiyarsa ya fito da wani abu naɗe cikin buhu, mai kama da ƙaton dodon-koɗi na ƙarfe, ya ce shi ne turbo. Ya cire shi ne daga wani injin wuta da masu haƙa rijiya suka watsar a daji, ya ajiye shi shekara da shekaru yana shafa masa mai. Ya yi mini bayani cewa hayaƙin da mota ke zubarwa a banza shi ke juya wata farfela a ciki, ita kuma ta cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Tun yana saurayi yake mafarkin ranar da zai ɗaura shi a ƙaramar mota, ya hau tudu da ita a gaban direbobin manyan motoci da ke cewa irin wannan aiki sai a Turai. Idanunsa na ƙyalli yana faɗa, ni kuwa ƙanƙarata kawai nake tunani.

Na zaci mako guda za a yi. Muka shiga aikin da kaka, ba mu fita ba sai da zafin bazara ya kankama, kuma ɗaura turbon kansa kwana uku ya ci. Sauran watannin duk a zaɓen kaya suka tafi. Asumanu ya ce farfelar nan ba a kan ƙarfe take juyawa ba, a kan mai take shawagi, kuma idan mai ya yanke mata na ɗan lokaci kaɗan ta ƙone. Sai ya durƙusa a ƙasan gareji yana zana mini hanyar mai da yatsa cikin rairayi, yadda mai lambun albasa ke tsara magudanar ruwa. Tiyon da zai kai mai sama dole ya zama siriri, na jan ƙarfe, don na roba ba zai jure zafin wurin ba. Wanda zai mayar da shi ƙasa dole ya zama mai faɗi, ya gangara ba tare da ko ɗan lanƙwasa sama ba, in ba haka ba mai ya taru ya shiga hayaƙi. Na ga Asumanu ya ƙi tiyo bakwai a rana ɗaya. Yakan sa baki ya hura, ya lumshe ido yana sauraren iskar da ke fita ɗaya gefen, ya girgiza kai ya ajiye. Mai sayar da kayan, wani Basakkwace mai haƙuri, ya ce bai taɓa ganin mai zaɓen tiyo kamar mai zaɓen sarewa ba.

Famfon mai na motar ya tsufa, ya canza shi da wanda ya fi turawa. Ya samo wani ɗan abin sanyaya mai daga wata babbar mota da ta mutu a hanyar Kalfu, ya wanke cikinsa har kwana huɗu, ya ɗaura shi gaba inda iska za ta buge shi. Ya kai kaskon mai wurin mai walda aka ƙara masa zurfi. Shi kansa man, sai ya ɗiga a yatsa ya murza, ya ɗaga wa rana, ya bar shi a kwano cikin zafin azahar ya dawo ya ga ko ya tsinke. Ya kuma kafa mini doka cewa idan na iso rugga kada in kashe inji da zafinsa. "Ka bar ta tana numhwashi hal ka ƙare gaisuwa," in ji shi. "Kuma gaisuwar kirki, ba irin taku ta 'yan boko ba." Shekaru na yi ina tambayar makiyaya lafiyar iyali da ta bisashe da ta rijiya, mota tana gunaguni a bayana, suna yaba ladabina.

Sai aka zo kan kuloci, wanda mu a nan muke ce wa ambarayaji. Shi ne ke haɗa ƙarfin inji da tayoyi, kuma idan ƙarfin ya fi shi sai faifan ya riƙa zamewa yana ƙauri. Asumanu ya san na motar ba zai riƙe sabon ƙarfin ba. Ya rufe gareji ya nufi Ƙonni, daga can ya ƙetara iyaka, ya yi kwana goma yana tonon tarin tsofaffin ƙarafa. Ya dawo da faifan kuloci guda biyu, ya shimfiɗa su kan tabarma kamar kayan biki. Ɗaya mai sifirin masu kauri, wanda zai riƙe duk abin da turbon ya bayar. Ɗayan matsakaici, ya ɗan fi na asali ƙarfi kaɗan. Bai ko dubi na biyun ba. Ya ce ya ɗauko shi ne kawai don kada hannunsa na hagu ya dawo wofi.

Ranar gwaji muka fita bayan sallar asuba, mu biyu, shi ke tuƙi. Ya ce sai ya tabbatar tukun kafin ya tara jama'a. Muka isa gindin tudun rana tana fitowa, rairayin ya yi launin zuma, babu kowa sai wasu raƙuma can nesa. Ya yi bisimilla ya taka. Da farko ba wani abu. Sai na ji wani siririn fito ya taso daga gaba, yana hawa, yana hawa, kujera ta manne a bayana, ƙaya da sabara suka fara gudu baya. Motar da na saba ji tana roƙo a wurin nan ta ɗaga hanci ta haye kamar an kira ta daga sama. Ban ji tayoyin a ƙasa ba. Na ga sama kawai ta cika gilashi, shuɗiya, sannan muka tsinci kanmu a kan tudun, duk ƙasar Adar a shimfiɗe gabanmu har inda ido ya gaza. Asumanu ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana dariya hawaye na bin gemunsa. A duk zamana da shi ban taɓa ganin farin ciki irin na wannan safiya a fuskarsa ba.

Muka gangaro, ya ce, "To, zo ka riƙa. Motakka ta."

Na zauna, na ɗora ƙafar hagu a feda na taka. Ta shiga rabi ta tsaya. Na ciji leɓe na ƙara, na dafa gwiwa da hannu na danna, ƙafar ta ɗauki rawa tun daga cinya. Giya ta ƙi shiga sai ƙara. Na sake, na sake. Gumi ya jiƙa mini riga da sanyin safiya. Na ce masa zan saba, kwana biyu ne. Ya dubi ƙafar, ya dubi tudun. Sannan ya ce, "Na gani. Sauko mu tahi gida."

Ya gwada ƙara wa fedar tsawo, wuri bai isa ba. Rana ta uku na zo na tarar ya sauke akwatin giya, mai kaurin yana gefe, yana ɗaura matsakaicin. A jikin turbon akwai wata 'yar ƙofa da ke sakin hayaƙi idan ƙarfi ya yi yawa. Ina tsaye ya sa sifana ya sassauta ta, juyi bayan juyi, har ƙarfin ya sauko daidai abin da faifan mai laushi zai iya riƙewa. Na ce masa wannan ai rabin aikinsa ya zubar. Ya ce, "Kak ka gaya ma kowa dalili. In sunka ji ƙahwa ta, gobe kana bisa tebur kana buga hatimi." Gaskiyarsa. A wancan zamani takarda ɗaya ta isa ta sauke mutum daga hanya, ba kuma wanda zai tambayi ba'asi.

Motar ta hau tudun, amma a giya ta ɗaya, sannu a hankali, tana fito kamar za ta tashi sama alhali mai jaki na iya jerawa da ita. Ni abin da nake nema ke nan. Ƙanƙarata ba ta sake narkewa a hanya ba, na ci gaba da zagaya ruggage har na yi ritaya. Amma duk tasha ta san watannin da Asumanu ya kashe, da tafiyarsa ta kwana goma, da alkawarin da ya yi na hawa tudun da gudu a gabansu. Suka sa shi a gaba. Idan ya wuce sai wani ya sa yatsu a baki ya yi fito, saura su kwashe da dariya. Nan sunan Mai Turbo ya fito. Shi ma sai ya taya su dariya ya ce lissafi ne ya kuɓuce masa. Na taɓa cewa zan faɗa musu, ya kama mini hannu ya ce, "Bar su. Ni na ji ta da kunnena, kai kau ka gani. Ya isa."

Yau ƙananan motoci na fitowa daga masana'anta da turbo a cikinsu, matasa na tuƙa su ba su ma san yana nan ba. Nakan yi tunanin abin da Asumanu zai ce. Ina jin zai buɗe gaban motar ya fara neman tiyon mai, ya bi shi da yatsa har ƙasa ya ga ko ya gangara yadda ya kamata, ya yi tsaki a kan robobin da suka rufe komai. Kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta ba za ta burge shi ba, zai ce kunne aka raina. Amma motocin da ba su da fedar kuloci sam, waɗanda ke canza giya da kansu, su ne za su sa shi dariya har ya zauna. Na san abin da zai ce, cewa Turawa sun yi shekaru suna wahala don su ƙera wa bawansa mota.

Garejin yanzu shagon sayar da waya ne. Motar ta daɗe da shiga hannun masu yankan ƙarfe. Idan na auna abin da ya saura na Asumanu a garin nan, sai in ga sunan ba'ar ya fi komai daɗewa, kuma da hannuna a ciki. Lokacin da nake aiki ina da hujjar yin shiru. Amma na yi ritaya yana raye, ba abin da zan rasa, ban ce komai ba, don ina jin kunyar ƙafata. A zaman makokinsa wani tsohon direba, ba da mugun nufi ba, ya ce Allah ya jiƙan Asumanu, mutumin kirki ne, hannunsa na da albarka a komai sai turbo. Jama'a suka yi murmushi. Ni ma na yi. Wannan murmushi shi ne abin da na fi jin ciwonsa a rayuwata.

Mu biyu ne a motar, ɗaya ya tafi, ni ma na tsufa. Don haka ina so ya shiga takarda tun ina da bakin faɗa, 'ya'yansa da jikokinsa su karanta, da 'ya'yan waɗanda suka yi fito. Lissafin Asumanu bai kuɓuce ba. Motar ta hau tudun nan da gudu, ina zaune a gefensa. Ƙafata ce ta kasa, shi kuma ya zaɓi a yi masa dariya har ƙarshen ransa a kan a ce ni gurgu ne da bai iya aiki. Allah ya jiƙanka, Asumanu, ya yafe maka. Ni ma ka yafe mini shekarun da na bari.