Bashir Ya Ƙi Tuƙa Jirgin Alhaji

Jiya da hantsi muna zaure muna shan shayi, sai ga Kawu Sani ya diro daga babur, ko sallama bai ƙarasa ba.

Ƙanena Bashir yake nema. Bashir matuƙin jirgin sama ne, irin ƙananan nan na attajirai, amma wata huɗu ke nan yana Illela yana jinyar Inna. Kawu ya ce jirgin maigidansa yana Sakkwato, matuƙin ya kwanta ciwo, shi kuma ya riga ya yi wa Alhaji alkawarin Bashir zai kai shi Abuja.

Bashir ya ce ba zai yiwu ba. A dokar aikinsu, wanda bai tashi ya sauka sau uku cikin kwana casa'in ba, ba ya ɗaukar fasinja sai ya fara cika su.

Kawu ya ce, "Mi? Shekara nawa kana tuƙi? Mu da gaisuwa kawai muke tsallaka iyakar Nijar mu shiga Ƙonni. Wa zai tare ka a sama ya ce ina takarda?"

"Kawu, jami'an iyaka sun san fuskarka. Titin sauka bai san fuskar kowa ba, kuma hannuna ya yi sanyi."

"To ka kunyata ni wurin Alhaji."

"Gara ka ji kunyarsa yana da rai, Kawu."

Yau dangi sun aiko wai ni ne babba, in sa Bashir ya ba da haƙuri ya tafi. Ba zan sa baki ba.

Mai ganin ƙanena ya yi rashin kunya ya faɗa mini a nan: da iyalinsa ne a kujerar baya, zai bari su hau?