Ramuka Biyu a Ƙasan Taga

A shekarata ta shida a Riyad na sayi karafan, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa daji. Ba wai dajin ya dame ni ba. Na gaji ne da jin Larabawan ofishinmu duk ranar Lahadi suna labarin inda suka kwana a sahara, wane ya gasa rago, wane motarsa ta kafe a rairayi, ni kuwa ba ni da abin cewa sai dai na kai iyali kanti. Injiniyan ruwa ne ni, aikina bututu da magudanai, kuma ina da girman kai daidai gwargwado. Matata ta ce ya wuce gwargwado.

A wata warsha da ke Al-Sulay aka ƙera mini shi. Ranar da na fara zuwa duba aikin na ji wani ya buge yatsa da guduma yana salati, kuma salatin irin na gida ne. Mutumin Damagaram ne, ya girme ni da shekara goma ko fiye, gemunsa ya soma fari. Shi ke sa tagogi. Yana ce mini Injiniya, ina ce masa Malam, kuma duk zuwan da na yi sai ya zuba mini shayi a murfin fulas ɗinsa. A wajen shan shayin nan ya gaya mini cewa iƙamarsa, takardar zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Su uku ne masu aikin taga, mai warshar kuma, wanda shi ne kafil ɗinsu, wato mai ɗaukar nauyin zamansu a ƙasar, ya ce biyu kawai zai sabunta wa.

"Wanda aka dawo da aikinsa, shi ne zai tafi," in ji shi. "Shi ya sa nake bin tagoginka a hankali, Injiniya. 'Yan mata uku gare ni a makaranta."

Na ce Allah ya rufa asiri. Da na shiga mota na manta da zancen.

Kwana huɗu da kawo karafan ɗin ƙofar gidana a Al-Nasiriya aka yi guguwar rairayi. Duk wanda ya zauna a garin nan yana da ciwo guda, in ya ga rami sai ya toshe. Tawul a ƙasan ƙofa, salatif a bakin taga, tsumma a bayan na'urar sanyaya ɗaki. Da na ga ƙura ta kwanta a kan sababbin kushin, sai na sayo farin silikon na bi karafan ɗin lungu-lungu. A ƙasan babbar tagar, daga waje, na ga wasu 'yan ramuka biyu, kowane bai fi tsagar asusu ba. Na yi tsaki na ce aikin ganin dama. Na cike su, na shafe da babban yatsana, na ja da baya ina yaba wa kaina.

Wata Juma'a cikin sanyi na gayyaci likitoci biyu 'yan gida da iyalansu muka fita bayan gari. Gaskiyar magana, nuna musu karafan ɗin na je yi. Bayan la'asar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka duru ciki gaba ɗaya ina ta cewa kowa ya saki jiki. Ba a yi minti goma ba ruwa ya fara bin bango daga ƙasan babbar tagar. Ya jiƙa kushin, ya jiƙa abayar matar ɗaya daga cikin likitocin, ya gangara ƙarƙashin tiren shinkafa.

"Injiniya," in ji mijinta, "wannan ma yana cikin magudanan da ka zana?"

Aka kwashe da dariya, ɗayan likitan har da ɗaukar bidiyo. Ni ma na yi dariyar, ta haƙori. Na tuƙo mu gida zuciyata na tafasa, kuma tun a hanya na riga na san kan wanda zan juye.

Washegari da safe na ja karafan ɗin zuwa Al-Sulay. Ban nemi Malam ba, mai warshar na sa aka kira mini, na fara zazzaga masa Larabci tun daga bakin ƙofa, ma'aikata suka ajiye kayan aiki suna kallo. Malam ya fito yana goge hannu da tsumma, ya gaishe ni, ban amsa ba. Ya je wajen tagar ya bi robar da ke zagaye da gilashin da yatsa, sama, gefe, sannan ƙasa. A nan yatsansa ya tsaya. Silikon ɗin warshar baƙi ne. Wanda ke ƙarƙashin yatsansa fari ne, har da zanen babban yatsana a jiki.

A wannan daƙiƙar na gane. Ramukan nan ta nan ruwan da ya taru a kwarin taga yake fita waje. In an toshe su, ba shi da hanya sai ciki. Abin da nake koya wa sababbin ma'aikata ke nan a makonsu na farko.

Malam ya ɗago ya dube ni, ya matsa ya tsaya yadda jikinsa ya kare wurin daga idon mai warshar. Ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, "Injiniya, mu ɗan koma gefe, magana ce ƙarama."

A wurinmu ba a kunyata babban mutum a gaban baƙi, a gefe ake gaya masa. Ƙofa ya buɗe mini, ba abin da ya rage sai in bi. Amma na riga na ɗaga murya a gaban mutum ashirin, kuma dariyar jiya tana kunnena. Na amsa masa da Larabci, da ƙarfi.

"Ba wani gefe. Abin da za ka faɗa, faɗe shi da harshen da mudir, mai warshar nan, zai ji."

Na san ba zai faɗa ba. Da sanin hakan na yi, kuma wannan ne abin da har yau ban iya gaya wa kowa ba. Na ƙara da cewa irinsu ne ke ɓata mana suna a ƙasar mutane. Mai warshar ya juya ya tambaye shi ko aikinsa ne. Malam ya ninke tsumman hannunsa.

"Aikina ne," ya ce.

Na bar musu karafan ɗin na tafi. A gida matata ta saurari labarin har ƙarshe tana yankan albasa, sannan ta ce, "Abban yara, ba kai na gani kwanaki kana bin tagogin nan da wani farin abu ba?"

Na ce mata abin da ba ta sani ba ta bar shi.

"Ban san injiniyanci ba," ta ce. "Amma na san fuskarka in ba ka da gaskiya. Ka koma ka gyara, mutumin nan yana da iyali."

Na yi niyya, Allah ya sani. Kullum in zan tafi aiki sai na wuce mararrabar da ke shiga Al-Sulay, in ce gobe. Har jimlar da zan faɗa na tsara, mai ɗauke da kuskure kaɗan da rashin fahimta da yawa. Kwana tara ina gyara jimlar nan, sai ga waya daga warsha cewa an gama.

Mai warshar ya tarbe ni da gahawa da dabino, yana ta ba ni haƙuri. Ya ce ya riga ya yanke shawara, ba zai sabunta wa mutumin ba, jirginsa ranar Alhamis. Ya ce abin mamaki, tsohon ya hana kowa taɓa tagar, shi kaɗai ya gyara ta, kuma da aka tambaye shi ya ce robar ce bai zaunar da kyau ba. Na zagaya na duba. Ramukan biyu a buɗe, tas, babu ko ɗigon fari. Ya kankare har na sauran wuraren da na shafa, ya bi su da baƙi, yadda ba mai cewa wani hannu ya taɓa wurin.

Ranar Litinin ce. Saura kwana uku, kuma mutumin da ke da ikon canja komai yana tsaye a gabana da butar gahawa, yana tambaya ko na gamsu. Na hango Malam can ƙarshen warshar yana jera kayan aikinsa a kwali, bai dubo inda nake ba. Na miƙa finjalin gahawar na girgiza shi alamar na ƙoshi.

"Tamam," na ce, wato komai ya yi daidai.

Da na isa gida na shiga karafan ɗin in mayar da kushin. A cikin murfin ƙaramar durowar da ke ƙarƙashin tagar, inda ba wanda zai gani sai mai ɗakin, an manna 'yar takarda da salatif, an yi rubutu da fensirin kafinta. "Injiniya, a bar su a buɗe. Ta nan ruwa yake fita."

Na ɓare ta na cusa a aljihu kafin matata ta shigo. Tagar ba ta sake yoyo ba, ko sau ɗaya. Ranar Alhamis ɗin kuwa ina ofis, ina duba wa wani zanen magudana.