Ɗakin Kan Rijiya

Nura, ɗan maigidana, ya kore ni daga aiki a gaban masu shara, wai ni ke tsorata masa baƙi. Ranar ba ta fita daga raina ba, kuma ku da kuka shigo aikin masauki a bayana, gara ku ji daga bakina.

Tun mahaifinsa na da rai nake karɓar baƙi a masaukinsu a Kazaure. A can ƙurya akwai wani ɗaki da aka gina kan tsohuwar rijiya da aka cike. Alhaji, mahaifin nasa, bai taɓa yi mana bayani ba, ya dai ce kada a ba kowa. In baƙo ya zo da ƙafarsa, ko ya bugo waya, sai in ce ɗakin da mutum, in ba shi wani. Ba a taɓa jin kanmu ba.

Da Alhaji ya rasu, Nura ya ɗauki hoton ɗakunan kaf ya zuba a shafin intanet, inda mutum zai zaɓi ɗaki ya biya tun daga gidansa. Na ce masa, "Nura, ka cire na ƙurya." Ya ce, "Baba Sale, zamani ya wuce nan."

Bayan kaka sai ga wani mai sayen riɗi da zai ci kasuwar Babura. Ya miƙo mini waya, ga hoton ɗakin, ya riga ya biya. Na ce, "Yallaɓai, akwai ɗakin da ya fi shi iska." Ya ce shi abin da ya gani yake so. Nura ya ce in buɗe, na buɗe.

Da la'asar, rana ba ta ko faɗi ba, mutumin ya fito. Wandonsa sharkaf da ruwa har gwiwa. Ya ce, "Malam, wace mata ce ke ta yi mini sallama tana neman aron guga?" Na ce babu mace a gidan. Ya ce, "Ba ta ƙofa ba. Ta ƙarƙashin gado."

Muka shiga tare. Siminti a bushe ƙarau, sai wani sanyi mai warin laka. Ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

Washegari ya rubuta a shafin cewa ma'aikacin gidan ne ya shirya masa abin, saboda shi baƙon ya ƙi yarda a canza masa ɗaki. Shafin ba ya tambayar ma'aikaci. Nura ya karanta, ya tara mutane, ya sallame ni.

Na ciro makullin ɗakin ƙuryar na miƙa wa Nura. Ya kalle shi, ya ce in ajiye a tebur. Na ce, "A'a, karɓi da hannunka. Baƙon da ya zo gabana yana samun mai ce masa kada ka shiga, shafinka kuwa hoto kawai ya sani. Ɗakin babu kowa yau, Nura. Ka kama shi a wayarka ka shiga, in ta yi sallama ka gaya mata zamani ya wuce nan."